Wutar da Motata Take Sha

A unguwarmu Injiniya ake ce mini, ko da yake ban taɓa riƙe sifana da sunan aiki ba. Manhaja nake rubuta wa wani kamfani a nan Kano, kuma a wurin mutanen unguwa duk wanda ya yini a gaban kwamfuta injiniya ne. A farkon 2024 na sayi mota mai aiki da lantarki, ƙirar China, ta hannu. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce kishin muhalli ne ya kai ni ba. Layin gidan mai ne ya ishe ni. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da N200 ta haura N500, ba a jima ba ta wuce N600, ni kuwa na zauna na buga lissafi. Sabuwar motar tana cin yunit 15 na wuta a tafiyar kilomita 100. Tsohuwar tana shanye lita tara a tafiya irin wannan. Ko ɗan aji uku na firamare zai nuna maka inda sauƙi yake.

Watannin farko daɗi kawai na sha. Ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi, ba salansa balle ta fashe. Bakanikena ya buɗe gaban motar, ya leƙa nan, ya leƙa can, ya ɗago ya ce, "Oga, to mu me za mu ci?" Awaki ba sa tashi daga hanya sai na danna ham, saboda ba sa jin zuwana. Wani dattijo da ke zama a dakalin masallaci ya taɓa ce mini, "Ɗan nan, motar taka tafiyar munafuki take yi, ba ta sallama." Muka yi dariya. Na sa aka kafa mini caja a gareji mai jan kilowat 7. In na dawo daga aiki sai in jona motar kamar yadda nake jona wayata, kafin asuba ta cika. Na riƙa wucewa ta gaban layin mai ina jin wani irin daɗi da yanzu nake jin kunyar faɗa.

Sai goman ƙarshe na azumin shekarar, wanda ya faɗo a farkon Afrilu. Wanda ya san Kano a Afrilu ba ya bukatar a yi masa bayanin zafi. Taransifomar unguwarmu tana da layi uku, namu layin yana ɗauke da gidaje kusan hamsin. Dare uku a jere, ana cikin sallar asham, fis ɗin layinmu ya ƙone. Sauran layukan biyu suna da wuta, mu muna cikin duhu, muna hango ƙwayayen fitilun gidajen da ke tsallaken titi. Kowace safiya a yi karo-karo, a kira mai gyara. A rana ta uku yaron da ke mana gyaran ya same ni a ƙofar gida, yana goge hannu da tsumma.

"Injiniya, wai motar nan taka nawa take ja?"

Na ce kilowat 7.

Ya yi shiru, da alama lissafi yake yi. "Fanka ɗari ke nan fa, Yallaɓai."

Na ce, "Ai da kuɗina nake saya."

Amsar ta fito da sauri saboda raina a ɓace yake tun kafin ya zo. A ranar 3 ga watan aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta daga kusan N68 zuwa N225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 na wuta a rana, kuma unguwarmu tana cikin rukunin. Mitata mai kati ce, ba na satar ko ƙwayar wuta. Ina biyan kuɗi mafi tsada a ƙasar, sannan a zo ana tambayata nawa nake ja?

Amma sana'ata ta koya mini wani hali mara daɗi, wato komawa ga rajistar na'ura in an yi gardama. Cajar tana rubuta lokacin da aka jona ta da lokacin da wuta ta yanke. Da dare na buɗe na duba. Ranar farko na jona bayan shan ruwa, fis ya ƙone bayan awa ɗaya da 'yan mintuna. Rana ta biyu haka, ta uku haka. A dare na huɗu na ƙi jonawa da gangan, wuta ta kwana. Na san gwaji ɗaya ba hujja ba ne, da a wurin aiki ne zan mayar wa yaron da ya kawo mini shi. To amma ruwa ba ya tsami banza.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata Hajiya da mijinta ya rasu shekarun baya. Firiza biyu gare ta, da su take riƙe gidan: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya. Ƙanƙara kuwa dare guda cur take so kafin ta ɗaure, kuma a goman ƙarshe, cikin wannan zafi, ba abin da ake nema da la'asar kamar ta. Kwana uku ba ta fitar da ko ƙulli ɗaya ba, kunun ayar ranar farko ma zubar da shi aka yi. Daga bakin 'yarta matata ta ji. Ita Hajiya ba ta taɓa ce mini komai ba. Da muka haɗu a ƙofar gida cewa ta yi, "Injiniya, an sha ruwa lafiya? Ya ibada?" Har yau ina ganin da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce, na zalunce ta?

Na daɗe ina kare kaina, kuma hujjojina ba na banza ba ne. Ni da kamfanin raba wuta muka yi ciniki. Na biya, ya ba ni. In taransifoma ta yi wa unguwa kaɗan, shi ya kamata ya kawo babba, ai don haka aka ninka mana kuɗi sau uku. Ban da haka, ba ni kaɗai ke ja ba. Akwai gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki huɗu a layinmu, kowace tana cin fiye da kilowat ɗaya, ga mai walda a bakin titi, ga masu dafa ruwa da hita. In an tara kaya a kan jaki har ya durƙushe, don me za a kama wanda ya ɗora buhun ƙarshe a bar waɗanda suka ɗora na farko?

Hujjar farko ce ta fara warwarewa. Kuɗin da na biya ya raba ni da kamfani, ba ya bina bashi, ba na bin sa sai wuta. Amma Hajiya ba ta cikin wannan ciniki. Ko sisi daga N225 ɗin nan bai shiga hannunta ba, ita ce kuma ta zubar da kunun aya. Rasit yana nuna cewa abin da ka ɗauka ba sata ba ne. Ba ya cewa komai a kan wanda ya tsaya a bayanka a layi ya tarar tukunya wayam. Mun san wannan a wurare da yawa ba tare da an koya mana ba. Mai kuɗin da ya zo bakin famfon unguwa ana tsakiyar ƙarancin ruwa ya sa a cika masa tanki, mata na tsaye da bokitai, ko ya biya mai famfon ninki biyu ba wanda zai ce ya kyauta.

Ta biyun ta fi wuya, don gaskiya ce. Ni kaɗai ba zan ƙona fis ba. Haka mai na'urorin sanyi, haka mai walda. Kowannenmu yana iya rantsuwa cewa ba shi ba ne, kuma bai yi kaffara ba, ga shi kuwa fis ya ƙone. Irin wannan laifi da ba shi da uba shi ya fi yawa a zamaninmu, tun daga cunkoson titi zuwa kwatar da ta toshe da leda. Ana raba shi gida hamsin har rabon kowa ya ƙanƙance ya ɓace, amma asarar ba a raba ta, a gida ɗaya take sauka.

Ina yaro a Zariya, in an wayi gari murhu ya mutu, kakata takan miƙo mini kasko ta ce in je maƙwabta in ɗebo wuta. Ba a hana wuta. Ban taɓa jin gidan da aka ce an koro yaro ya dawo da kasko ba garwashi ba, ko da kuwa matan gidajen ba sa ga maciji da juna. Dalilin a fili yake: garwashi biyu da aka zuba maka ba sa rage komai a murhun mai gida, sai ma ya ƙara ice ya hura. A Sunan na Abu Dawud akwai hadisin da ya ambaci abubuwa uku da jama'a suka yi tarayya a cikinsu, wato ruwa da ciyawar kiwo da wuta. Da lantarki ya zo ƙasar Hausa sai muka ba shi sunan wuta, muka ce an kawo wuta, an ɗauke wuta. Sunan ya zauna daram, amma halin ya bambanta. Wannan wutar in na ɗiba, ta wani ta ragu. Ta fi kama da ruwan kwata a gonar rani fiye da garwashin kakata.

Ni ba malami ba ne, ba zan ce hukuncin wancan hadisi ya hau kan abin da ake kashe kuɗi a samar a kuma sayar ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda magabata suka yi da ruwa, wanda shi ma yana ƙarewa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo hukuncin ruwan kwari: na sama yana da haƙƙin fara sha, amma yana tsare ruwan ne har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Ba a ƙwace masa haƙƙinsa ba, an dai yi masa iyaka. Malaman fiƙihu kuma sun gabatar da ƙishirwar mutum da ta dabba a kan ban-ruwan shuka. Wato ba a tsaya ga tambayar wa ya riga zuwa ko wa ya mallaka ba, an ƙara da tambayar bukatar wa ce ba ta jira. Manoman rani na Kadawa da Kura, da ke shan ruwan madatsar Tiga, sun san zafin wannan magana, musamman waɗanda gonakinsu ke ƙarshen kwata.

A nan na ga inda na bambanta da sauran masu ja a layinmu. Fankar da ke kan jariri da ƙarfe tara na dare ba za a ce mata ta bari sai ƙarfe biyu ba. Firizar Hajiya in ta rasa farkon dare ta rasa kasuwar gobe. Ko mai na'urar sanyi, duk da ina ganin huɗu sun yi yawa, zafin da yake gudu na wannan sa'ar ne. Motata kuwa tana tsaye a gareji daga magariba zuwa bakwai na safe, kuma ba ruwanta da sa'ar da aka ba ta abincinta. Batir ɗinta yana ɗaukar yunit 50, zirga-zirgata ta yini ba ta cin fiye da shida ko bakwai. A duk layin ba wanda ya kai ni ikon jira, kuma ba wanda ya kai ni ja a sa'ar da kowa ke bukata. Ban yi hakan da mugunta ba. Na dawo gida ne na jona, saboda lokacin ne hannuna ke kusa da cajar.

Abin da na tsaya a kai shi ne, a abin da aka yi tarayya kuma bai isa kowa a lokaci ɗaya ba, jira yana kan wanda zai iya jira. Biyan kuɗi ba ya sauke masa wannan nauyi. Wannan ya saɓa wa yadda muka saba, domin a ƙasar nan abu na farko da kuɗi ke saya wa mutum shi ne kada ya jira: a asibiti, a banki, a filin jirgi, har a gidan mai. Talaka ne ke da haƙuri saboda ba shi da zaɓi. Sai ga shi na kashe miliyoyi na sayi abin da amfaninsa duka shi ne ajiye wuta zuwa wani lokaci, amma ban fasa halin mai gaggawa ba.

Abin kunyar shi ne na san wannan darasi tun ina aji uku a jami'a, na ma rubuta jarrabawa a kansa. A watan Oktoban 1986 intanet, tana jaririya, ta shaƙe. Layin da ke tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar da ke kusa da shi a Kalifoniya, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Ba abin da ya lalace. Kowace kwamfuta ce, in ta ga saƙonta bai isa ba, sai ta sake turawa da ƙarfi, hanya ta ƙara cushewa, saƙonni su ƙara ɓacewa. Kowace tana yin abin da ya dace da ita, gaba ɗayansu suna kashe hanyar. Maganin da Van Jacobson ya fitar a 1988 shi ne a koya wa kowace na'ura kawaici: ta fara a hankali, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, da zarar ta ga alamar cunkoso ta rage gudunta da rabi. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana yin irin wannan ja da baya a kullum ba tare da ka sani ba. Na iya bayyana wa ɗalibi wannan a allo, ban gane shi ba da ya zo mini a siffar fis da ƙanƙara.

Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba. Na saita cajar kada ta tashi sai ƙarfe ɗaya na dare, ta tsaya ƙarfe biyar, na kuma rage jan ta zuwa kilowat biyu da 'yan kai. Awa huɗu a haka suna ba ni tafiyar kilomita 60, ta ishe ni kai yara makaranta da zuwa ofis da dawowa. Fis bai daina ƙonewa gaba ɗaya ba, amma ya koma sau ɗaya a wata maimakon kullum. Na shiga wurin Hajiya da abin da na ƙiyasta ta yi asara. Ta ƙi karɓa, ta ce, "Haba ɗan nan, wuta ai ta Allah ce, in ta zo mu gode." Sai ta hannun matata aka san yadda aka yi, da sunan kuɗin zoɓon suna da ba a riga an sa ranarsa ba.

Da a nan labarin ya ƙare da na fito fes, to bai ƙare ba. Awa 20 ɗin da aka yi alkawari ba kullum take cika ba, kuma sau da yawa tsakar dare ake ɗaukewa, daidai lokacin da na ware wa motar. Sai in tashi in tarar ba ta sha komai ba. Wata safiya a watan Yuni aka kira ni cewa jikin mahaifiyata ya tashi a Zariya. Na duba mota, kashi 12 cikin ɗari, bayan dare biyu ba wuta a sa'o'ina, alhali da magariba akwai ta. Tafiyar ta fi kilomita 150. A tashar Unguwa Uku na hau motar haya, na isa bayan azahar. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma matata, wadda ita ce ta fara kawo mini labarin kunun ayar Hajiya da hawaye a idonta, ita ce ta ce, "Ka sayi mota ta miliyoyi kana bin tasha saboda ƙanƙara. In da wani abu ya faru fa?" Ban da amsa. Na gina hukuncina a kan cewa ni mai iya jira ne, ashe mutum ba ya sanin ko zai iya jira sai gari ya waye. Tun ranar na sa wa kaina ƙa'ida: in batir ya sauka ƙasa da rabi, zan ja da ƙarfi ko da farkon dare ne. Ka iya cewa na ci gyara, ka iya cewa na ja da baya daga abin da na ce na yarda da shi. Duka biyun ina jin su a raina.

Wani abokin aikina ya kawo sukar da ta fi wannan nauyi. Ya ce abin da na yi faci ne, kuma mu masu rubuta manhaja mun fi kowa sanin cewa facin wucin gadi shi ke zama shekara goma. Duk daren da fis bai ƙone ba, a cewarsa, dare ne da kamfani bai ji matsin kawo babbar taransifoma ba. Kirkin mutum ɗaya yana rufa wa tsarin da ya gaza asiri. Ya ƙara da cewa ko a Norway, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne, ba a bar abin ga kirkin mutane ba. Tun 2022 wani ɓangare na kuɗin layin wuta a can ya danganta da yawan abin da gida ya ja a lokaci ɗaya, don haka mai mota da kansa yake neman tsakar dare. Na yarda da shi rabi. Gaskiya ne cewa dabarar Jacobson ta yi aiki ne saboda an saka ta a cikin kusan kowace na'ura, ba a bar wa kowace ta ga dama ba, kuma na'urar da ta ƙi ja da baya ita ke cinye rabon masu kawaici. Inda na rabu da shi shi ne a kan wanda zai biya kuɗin matsin. In na ci gaba da ƙona fis don kamfani ya ji a jikinsa, ba a jikinsa zai ji ba. A firizar Hajiya za a ji.

Mun gwada mayar da abin na kowa. Aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar isha'i, aka rubuta takardar neman ƙarin taransifoma, kowa ya sa hannu. Mai walda ya yarda ya riƙa tsayawa da magariba. Da aka zo kan na'urorin sanyi, Alhajin da ke da huɗu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ba wanda zai faɗa mini lokacin da zan kunna abin da na saya da kuɗina." Mutane suka yi ta gunaguni. Ni na sunkuyar da kai, don na san inda na taɓa jin wannan magana. Takardar tana can inda aka kai ta.

Akwai kuma abin da saitin caja ba ya gyarawa. Wutar da ƙasar nan ke rabawa a mafi yawan ranaku tana tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. An kasa masu amfani da ita rukuni biyar, daga A mai awa 20 zuwa E mai awa huɗu. Tukunyar ɗaya ce. Awa 20 ɗin da ake ƙoƙarin cika mana daga wani wuri ake tsamo ta, kuma gwaggona da ke wata unguwa a bayan gari, inda wuta ke zuwa kamar baƙo, tana cikin waɗanda ake tsamowa daga rabonsu. Na matsa wa Hajiya saboda katangarmu ɗaya, ina jin ƙarar firizarta in dare ya yi tsit. Gwaggona ba na jin komai nata. Na yi tunanin sola, na ma karɓi farashi. Amma motar tana ofis lokacin da rana ke kan rufin gidana, sai an ƙara wani batirin na ajiya mai tsadar gaske. Kuma na lura da abin da ke faruwa a unguwannin da masu hali suka koma sola: in taransifoma ta lalace sai ta yi wata uku, don waɗanda ke da bakin magana da kuɗin karo-karo sun daina jin duhun.

A ƙarshen Oktoban 2024 aka ɗauke wuta a mafi yawan jihohin Arewa sama da mako guda, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan kuma da ke biyowa ta Binuwai ya faɗi. Ba rukunin A, ba rukunin E, kowa ya zama ɗaya. Litar mai ta riga ta haura N1,000, masu janareta ma suna kunnawa da lissafi. Motata tana kan kashi 80 lokacin da abin ya faru, kuma tana da wata kafa da ake jona kayan gida, tana ba da wuta kamar ƙaramin janareta mara ƙara. Na ajiye ta, na koma hawa adaidaita sahu. Kafin kwana biyu labari ya zaga. Yara suka riƙa sallama da wayoyi a leda, na iyayensu da na yayyensu, wasu da fitilar caji. Muka jefa doguwar waya ta kan katanga zuwa firiza ɗaya ta Hajiya, awa biyar a rana. Wata yarinya ta tsaya a bakin gareji ta ce, "Wai an ce a nan ake ɗiban wuta." Rabon da in ji wannan kalma a bakin yaro tun ina riƙe da kaskon kakata.

Sai dai wannan murhun ba a ƙara masa ice. Kullum da safe ina duba allon motar: 71, 63, 54. Matata tana da cikin wata takwas, kuma tun ranar farko na yanke cewa ba zan sauka ƙasa da kashi 30 ba, saboda in naƙuda ta zo da tsakar dare ba na son in fita neman abin hawa. Ran kwana na shida allon ya nuna 31. Da hantsi jikan Hajiya ya shigo da wayar a naɗe a kafaɗarsa, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Inna ta ce a gaishe ka, wai ko za a jona."

Na ce ya gaya mata ta yi haƙuri, daga yau sai dai wayoyin hannu, firiza ba za ta yiwu ba. Na fara yi masa bayanin kashi 30 da asibiti, sai na ga yaro ne ɗan shekara tara, na yi shiru. Ya ce to, ya gyara wayar a kafaɗa, ya fita.

Da wuta ta dawo a ƙarshen watan, motar tana kan 27. Asibiti kuwa ba mu je ba sai tsakiyar Nuwamba, da rana tsaka, batir a cike.